Barbara Hepworth: Matar Da Duwatsun Garinsu Suka Koya Wa Sana'a

A filinmu na yau zan ba ku tarihin wata Baturiyar Ingila, Barbara Hepworth, wadda ta yi suna a duniya wajen sassaƙa dutse da itace, sana'ar da a zamaninta ake ganin ta maza ce kawai.

An haife ta ran 10 ga Janairu, 1903, a garin Wakefield cikin lardin Yorkshire, arewacin Ingila. Ita ce 'yar fari a gidansu. Mahaifinta injiniya ne na lardin, saboda haka yakan ɗauke ta a mota idan zai fita duba hanyoyi. Ƙasar tasu kuwa ƙasar tuddai ce da kwaruruka. Tun tana ƙarama take kallon yadda hanya ke hawa tudu ta gangara, ta ratsa tsakanin duwatsu. Wannan kallo bai bar zuciyarta ba har tsufanta, kuma shi ake gani cikin ayyukanta.

Ku lura da wannan, 'yan makaranta: ƙoƙarin karatu ne ya buɗe mata hanya. Ta ci sukolashif zuwa makarantar koyon zane ta Leeds a 1920, inda ta haɗu da Henry Moore, wanda shi ma ya shahara daga baya. A 1921 ta wuce babbar kwalejin zane ta Landan. A 1924 lardinsu ya biya mata kuɗin tafiya Italiya, inda ta koyi sassaƙa farin dutsen marmara a hannun wani gwani a birnin Roma. A Italiya ɗin ta auri John Skeaping a 1925, suka haifi ɗa mai suna Paul a 1929, amma auren ya mutu a 1933.

Galibin ayyukan da aka san ta da su ba siffar mutum ko dabba ba ne. Takan ɗauki dutse ko gungume ta goge shi sumul, ta huda rami a tsakiya domin haske da iska su ratsa, wani lokaci ta ɗaura zare a bakin ramin kamar tsirkiyar gurmi.

To, matan aure, ga inda labarin ya shafe ku. A 1934 ta haifi 'yan uku, watau Simon da Rachel da Sarah. Mahaifinsu shi ne Ben Nicholson, mai zane, wanda ya zama mijinta na biyu. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato a 1939, suka kwashe yara suka koma St Ives, wani ƙaramin garin masunta a bakin teku cikin lardin Cornwall. Gida ya yi ƙunci, kuɗi babu, wurin sassaƙa ma babu. Amma ba ta jefar da sana'arta ba. Da rana tana hidimar yara, da dare ta ɗauki fensir ta yi zane. Da 'yarta Sarah ta kwanta ciwon ƙashi, ta saba da likitan da ya yi mata aiki, shi kuma daga baya ya gayyace ta ɗakin tiyata. Tsakanin 1947 da 1949 ta zana hotuna kusan 80 na likitoci suna aiki.

A 1949 ta sayi wurin aikinta na kanta a St Ives. Aurenta na biyu ya ƙare a 1951. A 1953 kuma ɗanta Paul, wanda ke sojan sama, ya rasu a haɗarin jirgi a ƙasar Tailan. Duk uwa ta san nauyin wannan rashi. Ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ta koma bakin aiki. A 1959 ta ci babbar lambar gasar São Paulo ta Brazil. A 1964 aka kafa aikinta mai tsawon ƙafa 21 a gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, domin tunawa da abokinta Dag Hammarskjöld. A 1965 aka ba ta lakabin Dame, wanda yake daidai da Sir ga maza.

Da girma ya zo, ta mai da hankali ga zanen bugu. Ga yadda ake yinsa: a yi zane da alli mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse ko faranti, a jiƙa shi da ruwa, sa'an nan a shafa tawada. Tun da ruwa da mai ba su haɗuwa, tawadar sai ta kama wurin zanen kaɗai, a danna takarda a kai, hoto ya fito. Ta fitar da irin waɗannan guda 12 a 1969, da wasu a 1971 masu tuna tafiyarta ƙasar Girka. Za ku ga da'irori kamar rana da wata, da layuka kamar bakin teku.

Masu tara hotuna suna son su domin sun fi sassaƙa araha nesa ba kusa ba. Abin da suke dubawa shi ne sa hannunta da fensir a ƙasan takarda, da lamba. Misali, 15/60 na nufin na 15 ne cikin 60 da aka buga. Sukan kuma nisanta hoton daga rana da laima domin kada launi ya koɗe.

Barbara ta rasu ran 20 ga Mayu, 1975, a gobarar da ta tashi a wurin aikinta, tana da shekara 72. An mai da wurin gidan tarihi a 1976, garinsu Wakefield kuma ya buɗe gidan ajiye zane da sunanta a 2011.

Iyaye mata, idan kun ga 'yarku tana son zane ko ɗinki ko saƙa, kada ku ce ɓata lokaci take yi, ku ƙarfafa mata gwiwa ta haɗa da karatu. Ku kuma 'yan mata, ku buɗe ido ku dubi abin da ke kewaye da ku, domin Barbara daga tuddan garinsu ta fara. Allah Ya sa mu dace, amin. Sai mun sake saduwa.