Rashidi Yekini: Abin Da Hoton Raga Bai Nuna Ba

Ban taɓa ganin Rashidi Yekini yana wasa kai tsaye ba. Lokacin da ya rasu ina firamare. Abin da na sani game da shi, kamar yawancinmu a nan makaranta, shi ne hoton nan guda: ƙaton mutum cikin riga mai lamba 9, ya cusa hannuwansa cikin raga yana jijjiga ta, baki buɗe. Wani musu da ya ɓarke a gidan kallon ƙwallo na bayan hostel, kan wa ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Najeriya, shi ya sa na koma na bi tarihinsa, alhali ga aikin furojet yana jira na. Sai na tarar hoton nan daƙiƙu kaɗan ne cikin rayuwa mai tsawo.

An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Iyayensa Yarbawa ne 'yan asalin jihar Kwara ta yanzu, amma a Kaduna ya tashi, a nan kuma ya fara taka leda a ƙungiyar masaƙar UNTL da ke Kakuri. A zamanin, masana'antu na da ƙungiyoyinsu na ƙwallo, kuma ta nan yaron talaka ke samun hanya. Daga can ya wuce Shooting Stars ta Badun a 1982, sannan Abiola Babes ta Abeokuta a 1984. A 1987 ya ƙetara Kwaddibuwa ya shiga Africa Sports ta birnin Abijan.

A nan na tsaya na yi lissafi. Lokacin da yake da shekara 22, shekaruna ke nan yau, yana Abeokuta, ba wanda ya san shi a Turai. Sai a 1990, yana da shekara 26, ya samu zuwa Fotugal. Can ɗin ma ba babbar ƙungiya ce ta ɗauke shi ba, Vitória ce ta garin Setúbal, wadda ba da jimawa ba ta faɗa rukuni na biyu. Bai tsere ba. A kakar 1992/93 ya zura ƙwallo 34, ƙungiyar ta dawo rukunin farko. Kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a gasar ƙasar baki ɗaya, ya sha gaban 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting. A 1993 hukumar CAF ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya same ta.

A ƙungiyar ƙasa ma haka ya sha jira. Ya fara a 1984. A shekarar Najeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka, Kamaru ta doke ta. A 1988 a Maroko, Kamaru ce dai ta sake. A 1990 Aljeriya ta ɗauke kofin a gidanta da ci ɗaya. A 1992 a Senegal aka ƙare a na uku, ko da yake shi ya fi kowa cin ƙwallo da guda 4. Wallahi da wani ne, da tuni ya ce kofin nan ba rabonsa ba ne. Sai a 1994 a Tunisiya, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof, haƙuri ya yi ranarsa. Ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ya buga fenaritin da ya raba gardama. Najeriya ta doke Zambiya 2-1 ta ɗauki kofi, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. Shekara goma cur tsakanin wasan ƙarshe na farko da wannan.

Bayan wata biyu aka ɗauki hoton. Ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dallas na Amurka, Najeriya ta buga wasanta na farko a tarihin kofin duniya, da Bulgeriya. A minti na 21 Finidi George ya kwaso ƙwallo daga dama ya miƙo ta ƙasa, Yekini ya tura ta raga, ya bi ta ciki. An tashi 3-0. Shekararsa 30 a ranar. Da ka san hanyar da ya biyo daga Kakuri, ba ka mamakin yadda ya riƙe ragar nan.

Daga nan tauraro ya fara dusashewa. Zamansa a Olympiakos ta Girka bai yi daɗi ba, haka a Sporting Gijón ta Sifaniya. Ya ɗan farfaɗo a FC Zürich, ya je kofin duniya na 1998 a Faransa, ya ratsa Tunisiya da Saudiyya, ya koma Abijan, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger. A 2005, yana da shekara 41, sai ga shi a Gateway ta Abeokuta. Mutumin da duniya ta kalla a Dallas ya koma filayen gida, saboda ƙwallo ita ce sana'ar da ya sani. Ƙwallaye 37 ya ci wa Najeriya, kuma an yi fiye da shekara goma bayan rasuwarsa ba wanda ya kamo shi.

Ƙarshen ne ya fi taɓa ni. Ya zauna a gidansa a Badun, ya janye jiki daga jama'a, jaridu na ta rahoton yana fama da damuwa da rashin lafiya. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka binne shi a garin Ira na jihar Kwara. Ƙasar da ta yi ihu tare da shi a 1994, sai a labarin mutuwa ta tuna da shi.

Nan da 'yan watanni ni da abokan karatuna za mu karɓi sakamako mu fita. A ajinmu kowa na tsoron kada ya kai shekara 25 bai zama komai ba, ni ma ina ciki. Tarihin Yekini ya ɗan kwantar mini da wannan gaggawar. Amma ya bar ni da wani tunanin da ya fi nauyi. Akwai wani abokin ɗakinmu na shekarar farko, mai raha da son ƙwallo, wanda ya daina zuwa lacca tun zangon bara, ya daina ɗaga waya, mu kuma muka ce ai halinsa ne. Daren da na gama haɗa wannan rubutu na nemi lambar yayansa na kira. Ranar Asabar, in Allah ya yarda, mu uku za mu je gidansu.

Allah ya jiƙan Rashidi Yekini, ya sa ya huta.