Marigayi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku (1903–1988): Uban Gida, Uban Zaman Lafiya

A cikin wannan littafi na tunawa da cikar sarauta shekara 100, mun ga ya dace mu keɓe shafi domin wani basarake na ƙetaren iyaka wanda dattawan Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa suka daɗe suna jin labarinsa, wato Sarkin Musulmi Siddiƙ Abubakar na Uku. Mai karatu zai iya mamakin ganin ɗan gidan Sakkwato a littafin Katsinawa da Gobirawa, domin kowa ya san abin da ya wuce tsakanin kakanninmu da nasa. A shekarar 1836, a fagen Gawakuke, rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kara da ta Gobir da ta Katsinan Maraɗi, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan yaƙi ne Mayaƙi ya kafa Tsibirin Gobir. Wanda muke ba da tarihinsa tattaɓa kunnen Muhammadu Bello ne, amma sunan da ya bari a duniya na sulhu ne, shi ya sa muka ba shi wuri a nan.

An haifi Abubakar a garin Dange ranar 15 ga Maris 1903, ranar da sojojin Ingila suka ci birnin Sakkwato. Mahaifinsa Usmanu ɗan Sarkin Musulmi Mu'azu ne, shi kuwa Mu'azu ɗan Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatun allo da na ilimi a hannun malamai kamar yadda ƴaƴan gidan suka saba. Ya fara aiki a matsayin magatakardan hakimi a Dange, daga nan baffansa, Sarkin Musulmi Hassan, ya jawo shi kusa, ya naɗa shi Sardaunan Sakkwato, ya kuma damƙa masa kula da ƴan doka da gidajen yari. A wannan aiki ne ya san halin talakawa da irin ƙananan rigingimun da kan zama manya idan aka yi sakaci. Da Allah ya yi wa Hassan rasuwa, aka naɗa Abubakar Sarkin Musulmi na 17 a watan Yuni 1938.

Gwajinsa na farko daga cikin gida ya fito. Ɗan'uwansa Ahmadu Bello ya nemi sarautar tare da shi, bai samu ba, sai aka ba shi Sardauna. Zumunci ya yi tsami har a shekarar 1943 aka tuhumi Ahmadu Bello da taɓa kuɗin jangali, kotun Sakkwato ta same shi da laifi, amma da ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Irin wannan tsama ta sha raba manyan gidaje har jikoki. Su kuwa daga baya suka sasanta, kuma da Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, shugaban gwamnati da Sarkin Musulmi suka yi aiki tare, kowa ya san girman ɗan'uwansa. An kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, Sarkin Musulmi ya shugabance ta.

Gwaji mafi tsanani ya zo ranar 15 ga Janairu 1966, lokacin da wasu sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, suka kuma kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Zukatan mutanen Arewa suka cika da fushi. Da Sarkin Musulmi ya nemi fansar jinin ɗan'uwansa, da dubban mutane sun amsa masa. Maimakon haka, kira ya yi ta yi ga jama'a da su yi haƙuri, su bar wa Allah hukunci. Gaskiya ne wannan kira bai hana zubar da jinin baƙi a garuruwan Arewa cikin wannan shekara ba, bai kuma hana yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba. Sai dai tarihi ya shaida ɓangaren da ya tsaya, a lokacin da kiran haƙuri ya fi kiran ramuwa wuyar faɗa.

Haka kuma ya jure raguwar ikonsa. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe kotuna, ƴan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen mulkin En'e. Bai ta da jijiyar wuya ba, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Shugabanni na soja da na farar hula suka ci gaba da zuwa fadarsa neman shawara da albarka.

A cikin gida ma haka ya kasance. Ya bar ƴaƴa 52, ban da ƴaƴan ƴan'uwa da suka tashi a hannunsa, irin su marigayi Alhaji Shehu Malami, Sarkin Sudan na Wurno, wanda daga baya ya rubuta littafin tarihinsa. Duk magidancin da ya san wuyar riƙe gida mai ɗakuna da yawa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Tarbiyyarsa ta bayyana a bayansa, domin biyu daga cikin ƴaƴansa sun hau gadon. Muhammadu Macciɗo ya yi sarauta daga 1996 har ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006. Ƙanensa Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda aka naɗa a Nuwamba 2006, tsohon hafsan soja ne da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Chadi da Saliyo.

Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 1988, yana da shekara 85, bayan shekara 50 a kan mulki. Rikicin da ya ɓarke a Sakkwato kan zaɓen magajinsa, har aka rasa rayuka, ya nuna wa kowa girman nauyin da yake ɗauke da shi a shiru.

Mu mutanen Maraɗi muna da dalilin tuna wannan bawan Allah. A shekarar 2019 dubban ƴan'uwanmu daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsere wa ƴan bindiga, suka sami mafaka a ƙauyukan Gidan Rumji. Waɗanda kakanninsu suka fuskanci juna da mashi su ne suka ci tuwo a akushi ɗaya. Wannan zumunci amana ce a hannun sarakunanmu, hakimai da masu unguwanni, tun daga fada har zuwa Sabon Gari, kuma riƙon ta na farawa ne daga yadda kowane magidanci ya riƙe ƙofar gidansa.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Abubakar, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya ja zamanin sarakunanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.