Arthur Ashe: Zakaran tanis ɗin da sojoji suka kora daga fili a Legas

Ranar Litinin 16 ga Fabrairun 1976, kwana uku bayan kisan Janar Murtala Ramat Muhammad, ana tsaka da wasan kusa da na ƙarshe a filin Lagos Lawn Tennis Club sai ga sojoji sun kutso. Wanda ke shirin buga ƙwallo a lokacin shi ne Arthur Ashe, baƙar fata ɗan Amurka da ke riƙe da kofin Wimbledon. Wani soja ya ɗora masa bakin bindiga a gadon baya, aka tasa ƙeyarsa waje hannuwansa a sama, 'yan kallo kuwa kowa ya yi ta kansa.

A Damagaram da sauran garuruwan Hausa, inda kokawa da ƙwallon ƙafa suka fi cika fili, ana yi wa tanis kallon wasan masu hannu da shuni. Sai dai Ashe ɗan mai gadin filin wasa ne. Kuma har yau shi kaɗai ne namiji baƙar fata da ya taɓa lashe gasar ɗaiɗaiku ta Wimbledon da ta Amurka da ta Ostireliya.

Maraya a garin wariya

An haife shi ranar 10 ga Yulin 1943 a birnin Richmond na jihar Virginia, a zamanin da doka ta raba baƙaƙe da farare a makaranta da motar haya da wuraren wasa. Mahaifiyarsa, Mattie, ta rasu a 1950 sakamakon matsalar juna biyu, ta bar shi yana da shekara 6 tare da ƙanensa Johnnie.

Mahaifinsa shi ne mai kula da Brook Field, filin wasa mafi girma da aka ware wa baƙaƙe a garin, kuma a cikin filin gidansu yake. Mutum ne mai tsanani, har ya ƙayyade wa yaron mintunan da zai yi tsakanin makaranta da gida. Ya kuma hana shi buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka saboda siririn jikinsa. Abin da ya rage masa shi ne filin tanis ɗin da ke bakin ƙofarsu.

Yana ɗan shekara 7 wani ɗalibi mai suna Ron Charity ya fara koya masa. A 1953 Charity ya haɗa shi da Dakta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg, likitan da ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta lashe Wimbledon. Johnson yana da doka ga yaransa: ba a musu da alƙalin wasa, kuma ƙwallon da ta faɗi dab da layi a bar wa abokin hamayya ko da ta fita. Ya san ƙiris ake jira a kori yaro baƙi daga gasar farare. Daga nan Ashe ya samo natsuwar da aka san shi da ita, har wasu ke ganin sanyinsa ya yi yawa.

Da yake a Richmond ba a barinsa ya kara da farare, a 1960 ya koma birnin St. Louis ya ƙarasa sakandare. Daga can ya samu gurbin karatu kyauta a jami'ar UCLA da ke California. A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka saka cikin tawagar Amurka ta gasar cin kofin Davis, wadda ƙasashe ke fafatawa a cikinta.

Ya ci kofi, wani ya kwashi kuɗin

Bayan ya kammala digiri a fannin kasuwanci a 1966, Ashe ya shiga soja, aka tura shi makarantar hafsoshi ta West Point. Yaƙin Vietnam na ci a lokacin. Ƙanensa Johnnie, wanda ya riga ya je fagen daga ya dawo, ya nemi a sake mayar da shi, saboda ba a cika tura 'yan'uwa biyu yaƙi lokaci guda ba. Hakan ya bai wa yayan damar ci gaba da wasa.

A 1968 aka buɗe manyan gasannin tanis ga ƙwararru masu karɓar kuɗi. A watan Satumban shekarar Ashe ya doke Tom Okker na Holan a turmi biyar, ya lashe gasar US Open ta farko. Amma da yake yana cikin rukunin 'yan wasan sa-kai, dala 14,000 da aka ware wa zakara ta tafi aljihun Okker. Shi kuwa ya tashi da kuɗin guzuri, dala 20 a kowace rana. Ya bar soja a 1969, sannan a 1970 ya lashe gasar Ostireliya.

Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta ATP a 1972, don kada hukumomi da masu shirya gasa su ci gaba da juya su yadda suka ga dama. Ya zama shugabanta a 1974.

Bizar Afirka ta Kudu

A 1969 ya nemi bizar zuwa gasa a Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi. Ya sake nema, aka sake hanawa. Ƙorafin da ya yi ta kaiwa ya taimaka wajen korar ƙasar daga kofin Davis a 1970.

Sai a Nuwamban 1973 aka ba shi izini. Ya gindaya sharaɗin cewa ba za a raba wurin zaman 'yan kallo bisa launin fata ba. Jimmy Connors ya doke shi a wasan ƙarshe a Johannesburg, amma shi da Okker suka lashe na 'yan bibbiyu. Ya kuma ziyarci Soweto.

Tafiyar ta jawo masa suka. Wasu 'yan gwagwarmaya baƙaƙe sun ɗauka gwamnati ce ta yi amfani da shi don ta wanke kanta a idon duniya. Daga bisani Ashe ya koma sahun masu neman a ƙaurace wa ƙasar baki ɗaya, kuma a Janairun 1985 'yan sanda suka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancinta da ke Washington.

Yaron Yawunde

Alaƙarsa da Afirka ba ta tsaya a nan ba. A 1970 shi da Stan Smith sun zagaya ƙasashe shida, ciki har da Najeriya da Ghana, suna koya wa matasa wasa. A 1971 a Yawunde, babban birnin Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, wasansa ya burge shi. Ya tuntuɓi Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa, aka kai yaron horo birnin Nice. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya lashe Roland Garros a 1983, kuma matasan Nijar da dama suka fi sani a matsayin mawaƙi.

Yadda ya kayar da Connors

Ranar 5 ga Yulin 1975 ce ranar da ta fi kowace fice a rayuwarsa ta wasa. Connors mai shekara 22 shi ke riƙe da kofin Wimbledon, kuma ya kai wasan ƙarshe ba tare da an ci shi ko turmi ɗaya ba. Ashe yana dab da cika shekara 32. Ga kuma 'yar tsama a tsakaninsu, domin Connors ya maka shi a kotu bisa zargin ɓata suna.

An san Ashe da bugu mai ƙarfi, shi kuwa Connors ƙarfin abokin hamayya ne abincinsa, don da shi yake mayar da martani. Sai Ashe ya sauya salo. Ya riƙa aika masa ƙwallo a hankali, ƙasa-ƙasa, wani lokacin ya ja shi gefe, in ya matso kusa da raga kuma ya ɗaga ta sama da kansa. Connors ya rasa abin kamawa. Aka tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4.

Da wannan kambi ya iso Legas bayan wata bakwai. Bayan da Laftanar Kanal Buka Suka Dimka ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Murtala, an rufe iyakoki, gari ya cika da zargin hannun ƙasashen waje. Ashe ya riga ya ci turmin farko a kan Jeff Borowiak lokacin da sojojin suka shigo. 'Yan wasan sun fake a hannun ofishin jakadancin Amurka kafin a fitar da su daga ƙasar. Shi ma Pele na Brazil rikicin ya rutsa da shi a Legas a makon. Daga baya aka ƙarasa gasar a Caracas ta Venezuela, inda Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

Ciwon zuciya da ƙarin jini

A 1977 ya auri Jeanne Moutoussamy, mai sana'ar ɗaukar hoto. A Yulin 1979, yana da shekara 36, ya gamu da bugun zuciya, aka yi masa tiyata a Disamba, ya yi ritaya a Afrilun 1980. Ya zama kyaftin ɗin tawagar Amurka ta kofin Davis, suka ci kofin a 1981 da 1982 tare da John McEnroe, ɗan wasan da halinsa na zafin rai ya sha bamban da nasa.

A 1983 aka sake yi masa tiyatar zuciya, aka yi masa ƙarin jini. A lokacin ba a fara gwada jini don gano ƙwayar cutar ƙanjamau ba, wadda a Nijar aka fi sani da sida. Sai a 1985 aka fara gwajin a Amurka. A 1988 hannunsa na dama ya shanye, aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, a nan aka gano yana ɗauke da cutar. Likitocinsa sun danganta ta da wancan ƙarin jinin.

A shekarar ce kuma ya fitar da A Hard Road to Glory, littafi mai juzu'i uku kan tarihin 'yan wasa baƙaƙen fata na Amurka, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kai.

Shi da matarsa sun ɓoye maganar fiye da shekara uku, musamman don kare 'yarsu Camera, wadda suka ɗauka riƙo a 1986, daga tsangwama. A Afrilun 1992 jaridar USA Today ta samu labarin ta tuntuɓe shi. Ganin za a riga shi, sai ya kira taron manema labarai ranar 8 ga Afrilu ya bayyana da bakinsa. Lamarin ya haifar da muhawara a tsakanin 'yan jarida kan ko lafiyar mutumin da ya yi ritaya shekara 12 da suka wuce, kuma ba ya riƙe da muƙamin gwamnati, abu ce da ya wajaba jama'a su sani.

Wata goman ƙarshe

Bai koma gida ya rufe ƙofa ba. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar. A watan Satumban 1992, jiki ya riga ya yi rauni, aka kama shi a gaban fadar White House yana zanga-zangar adawa da yadda Amurka ke mayar da 'yan gudun hijirar Haiti da aka tare a teku. Ranar 1 ga Disamba ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya albarkacin ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Ya mutu ranar 6 ga Fabrairun 1993 a wani asibiti a New York sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 49. An ajiye gawarsa a gidan gwamnan Virginia, inda dubban mutane suka yi layi don yi masa bankwana. Gwamnan lokacin, Douglas Wilder, shi ma baƙar fata ne ɗan Richmond.

A 1996 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue, kusa da na jagororin kudancin Amurka da suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a garin. Tsakanin 2020 da 2021 aka cire nasu duka, nasa kaɗai ya rage a titin. A New York kuwa, filin da ake buga wasan ƙarshe na US Open tun 1997, mai cin mutum sama da 23,000 kuma mafi girma a duniyar tanis, sunansa yake ɗauke da shi.