Waliyi Agustin: Masanin da Gicciye Ya Koya wa Tawali'u

A ranar 28 ga Agusta kowace shekara Ikklisiya takan tuna da Waliyi Agustin, ɗan Afirka. An haife shi a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce ta ƙwarai, amma shi ya daɗe bai bi sawunta ba.

Yana ɗan shekara 19, yana karatu a birnin Kartaj, sai ƙishin hikima ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma ya raina shi, gama a ganinsa maganarsa ba ta da ƙawa irin ta masana. Sai ya bi Manikiyawa, waɗanda suka yi masa alkawarin gaskiya ta wurin hankali kaɗai. Ya shekara 9 tare da su, bai ƙoshi ba.

A shekara ta 384 ya zama malamin fasahar magana a Milan, cikin Italiya, inda ya riƙa sauraron wa'azin Bishop Ambros. Littattafan masu falsafa sun koya masa cewa Allah ruhu ne, ba ya sākewa. Amma ba su gaya masa cewa Maɗaukaki ya zama mutum, ya ji yunwa, ya mutu bisa gicciye ba. A wurinsa Yesu babban malami ne kawai, domin mai girmankai ba ya iya karɓar Allah mai tawali'u.

Da ya ji labarin Antoni na Masar, wanda ba shi da zurfin ilimi amma ya bar dukiyarsa saboda Bishara, sai kunya ta rufe shi: ga ilimi, ga kuma bautar sha'awar jiki. A shekara ta 386, yana kuka cikin lambu, ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta. Ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 13, zuciyarsa ta sallama. Ambros ya yi masa baftisma a shekara ta 387. Daga baya ya zama Bishop na Hippo, a ƙasarsa, inda ya rasu a shekara ta 430.

Agustin bai zubar da iliminsa ba, sai dai ya durƙusar da shi a gindin gicciye. Mu fa, Allahn da ya bayyana kansa cikin Yesu muke bi, ko wanda muka ƙaga da tunaninmu?

Waliyi Agustin, ka yi addu'a dominmu.