Theodor Billroth: Likitan tiyatar da ya so zama makaɗin piyano

Ɗaliban likitanci daga Yamai har Kano da Zariya sun san sunan Billroth, domin hanyoyi biyu na yanke wani sashe na tumbin ɗan Adam da sunansa ake kiransu har yau. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin bai so zama likita ba. Kiɗa ya so.

An haifi Theodor Billroth ranar 26 ga Afrilun 1829 a tsibirin Rügen da ke arewacin Jamus. Mahaifinsa, wanda limamin coci ne, ya rasu yana ɗan shekara biyar. A makaranta ba ya cikin masu ƙoƙari, hankalinsa na kan piyano, sai mahaifiyarsa ta matsa masa ya karanci likitanci. Ya bi maganarta, amma bai ajiye kiɗan ba.

A 1860 ya zama farfesan tiyata a Zurich. Da rana yana ɗakin fiɗa, da dare yana kan piyano, har sharhin kiɗa yake rubuta wa jarida. Da girmansa ya zauna ya koyi viola, wani nau'in goge na Turawa, don kawai ya samu shiga cikin abokansa idan suna kiɗan mutum huɗu. A can ya haɗu da shahararren mai tsara kiɗa Johannes Brahms.

Bayan ya koma Viyana a 1867, falon gidansa ya zama wurin gwaji: sabbin ayyukan Brahms da dama a nan aka fara kaɗa su kafin jama'a su ji. A 1873, shekarar da ya fara cire wa majinyaci akwatin murya baki ɗaya, Brahms ya sadaukar masa da ayyuka biyu na gogaye huɗu.

Shekarar 1881 ce ta fi nuna ko wane ne shi. Ranar 29 ga Janairu ya yanke ɓangaren tumbin wata mata mai ciwon daji, ta tashi ta ci abinci, abin da ba a taɓa cin nasararsa ba. Ciwon ya dawo ya kashe ta bayan kimanin wata huɗu. A Yulin shekarar Brahms ya aiko masa da rubutaccen konceto na biyu na piyano, yana zolayarsa cewa 'yan ƙananan kaɗe-kaɗe ne. Konceto kiɗa ne da piyano ɗaya ke fafatawa da ayarin makaɗa, kuma wannan, mai sassa huɗu da kusan minti 50, ƙwararru ma suna jin jiki a kansa. Ra'ayin ɗan sha'awa Brahms ya nema tun kafin a kaɗa shi a Budapest a watan Nuwamba.

Yana da nasa tabon. A wani littafi na 1876 ya yi kalaman ƙasƙanci ga ɗaliban Yahudawa, masu ƙyamarsu suka riƙa kafa hujja da shi, ko da yake daga baya ya shiga ƙungiyar yaƙi da wannan ƙiyayya. Abotarsa da Brahms ma ta yi sanyi, musamman da ya yanke layin farko na wani rubutun hannun abokin nasa ya liƙa a jikin hoto.

Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1894 a Opatija, cikin Kuroshiya ta yanzu, bai kammala littafin da yake rubutawa kan yadda ɗan Adam ke jin kiɗa ba. Abokinsa Eduard Hanslick ne ya fitar da shi bayan rasuwarsa.