Gambo Sawaba (1933-2001): Wace Ce Mace Mai Daraja a Wannan Zamani?

'Yan'uwa, idan aka ce mace wayayya ce, sau da yawa hankalinmu yakan tafi kan sutura, da babbar waya, da Turancin da ke bakinta. Domin mu auna wannan tunani, bari mu dubi rayuwar wata mace da ta zauna kusa da mu a ƙasar Zazzau, wadda ko makarantar firamare ba ta gama ba, amma har yau ana kiran sunanta da girmamawa.

Asalinta

An haifi Hajaratu a shekara ta 1933. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. An kira ta Gambo domin ita ce ta biyo bayan tagwaye. Tun tana yarinya ta rasa mahaifinta, ba a daɗe ba mahaifiyarta ma ta rasu. Karatunta ya tsaya, aka yi mata aure tana da shekara 13. Ta san maraici da auren wuri a jikinta, shi ya sa daga baya da ta tashi yin magana a kansu, mata suka gane muryar wadda ta ɗanɗana.

Shigarta siyasa

A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, mai kiran a 'yanta talakawa. Gambo ta shige ta tana da shekara 17, ta zama shugabar mata a Sabon Garin Zariya. Daga kirarin jam'iyyar ne sunan Sawaba ya bi ta. Ta yi tafiya har Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, ta ga yadda matan can suka haɗa kai a kan haraji.

Abin da ta nema a fili yake: a sa 'ya'ya mata a makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya, a daina aikin tilas, a kuma ba mata damar jefa ƙuri'a. Takan shiga gida gida wurin matan kulle, inda maza ba su da ikon shiga.

Abin da ta sha

Hukuma ba ta ƙyale ta ba. An ba da labarin cewa sau 16 aka ɗaure ta a kurkuku. An doke ta, an aske mata kai don a wulaƙanta ta, an kore ta daga Kano. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa kuwa, Kirista da Musulmi duka, an hana su. Sai a 1976 ƙofar ta buɗe. Gambo ta rayu ta gani da idonta, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu.

Gidanta a Sabon Gari bai rabu da baƙi ba. Ta riƙe marayu da 'ya'yan da ba nata ba, ta ciyar da mabukata ba tare da tambayar ƙabilarsu ba. Ta rasu a watan Oktoba 2001. Babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta.

Abin koyi gare mu

Hajiya Gambo Musulma ce, amma 'yancin da ta sha duka dominsa ya iso kowane gida. Duk uwar da ta tsaya a layin zaɓe a Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, tana cin amfanin gonar da wata ta nome.

Na farko, darajar mace tana cikin halinta. Mai sayar da rake a kasuwar Makarfi, wadda ba ta cutar mai saye, tana da mutuncin da zinariya ba ta saye.

Na biyu, kunya adon mace ce, amma kunya dabam, tsoro dabam. Gambo ta buɗe baki a madadin waɗanda ba a jin muryarsu. Idan aka cire yarinyar maƙwabta daga makaranta a lokacin tsinkar tumatir, aka fara zancen aurenta, shirun da muka yi zai zama hannu a cikin abin.

Na uku, wahalar da ta sha ba ta mai da ita mai ɗacin rai ba. Marainiya ce ta zama uwar marayu.

Ku iyaye maza, wannan darasi naku ne kuma. 'Yar da kuka biya wa kuɗin makaranta bana, ita ce malamar asibitin da za ta karɓi haihuwar jikokinku.

Tambayoyi domin zumuntar mata da matasa

1. Da wane ma'auni muke auna mace mai daraja a ikilisiyarmu?
2. 'Yan mata nawa ne a unguwarmu suka bar makaranta bana, me za mu iya yi musu kafin zango mai zuwa?
3. Wace gwauruwa ko marainiya ce za mu ziyarta a wannan mako?