Robert Koch: Likitan ƙauyen da ya tona asirin tarin fuka

Duk ranar 24 ga Maris, duniya kan tuna da cutar tarin fuka, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san dalilin zaɓen wannan rana. Dalilin kuwa mutum ɗaya ne, wani Bajamushe mai suna Robert Koch, wanda nake ganin tarihinsa na da darasi gare mu.

An haifi Koch ranar 11 ga Disamba, 1843, a garin Clausthal mai arzikin ma'adinai a Jamus. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Göttingen a 1866, ya yi aikin jinya a yaƙin Jamus da Faransa, sannan a 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a Wollstein, wani ƙaramin gari da ke cikin Poland a yau. A can, cikin ɗakin gidansa, da madubin ƙara girman abu, ya tabbatar a 1876 cewa ƙwayar halitta ce ke haddasa ciwon saifa mai kashe dabbobi.

Wannan aiki ya kai shi Balin a 1880, inda ya tunkari tarin fuka. A wancan zamani cutar na kashe mutum ɗaya cikin bakwai a Turai, kuma manyan likitoci da dama sun ɗauke ta ciwon gado. Koch ya samo rinin da ya fito da ƙwayar cutar fili, ya raine ta a ɗakin gwaji, ya sanya wa ɓerayen Masar, suka kamu. Ranar 24 ga Maris, 1882, ya gabatar da hujjojinsa gaban masana. Daga nan ya bi sawun kwalara zuwa Masar da Indiya a 1883 da 1884.

Sai dai gwani ma kan yi tuntuɓe. A 1890 ya sanar da wani ruwan allura, tuberculin, a matsayin maganin tarin fuka. Marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Balin, maganin bai warkar ba, wasu ma suka rasa rayukansu. Daga baya sai ya zama abin gwajin gano cutar. A 1901 kuma, a Landan, ya raina haɗarin tarin fukar shanu ga ɗan Adam, alhali yau an san ɗanyen nonon saniya mai cutar na iya harbin mutum. An ba shi kyautar Nobel a 1905, ya rasu ranar 27 ga Mayu, 1910, bai ga magani ba. Rigakafin BCG ya zo a 1921, magungunan farko kuwa sai shekarun 1940.

Abin da ke damuna shi ne, sama da shekara 140 bayan bincikensa, akwai gidaje a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, daf da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda har yanzu ake kiran wannan ciwo sammu ko gado. Ana ware wa mara lafiya kwanonsa da kofinsa, amma a bar shi yana kwana da yara a ɗaki mai rufaffiyar taga. Cutar kuwa ta iska take bi, idan mai ita ya yi tari ko atishawa. Ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin tuwo tare. Haka nan ta bambanta da asma, kuma ba duk mai ita ke da ƙanjamau ba.

Tarin da ya kai mako biyu, tare da rama, zazzaɓi da gumin dare, yana buƙatar gwajin kaki. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, irin su Asibitin Zana a Kano. Ana shan maganin wata shida cur. Wanda ya ji sauƙi ya daina a wata na biyu, yana iya haifar da nau'in da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsawo da wahala.

Nijeriya tana sahun gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Koch ya sauke nasa nauyin. Saura mu 'yan boko, likitoci da malamai da ma'aikata, mu kai wannan sani zaurukanmu da masallatanmu, domin direba ko mai aikin gidanmu da ke ɓoye tarinsa saboda kunya, iska ɗaya muke shaƙa da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.